Zan Je In Gaishe Su

Shekara talatin da huɗu ina ƙarƙashin motocinsu
a garejina na Tashar Dukku,
baƙin mai ya yi gida a farcena.
Na san hannun mutanen nan tun ban ga fuskarsu ba:
yadda suke ɗaure noti ba su wuce iyaka,
yadda suke ɓoye waya kamar mai kunyar suruki.
To bana na sayar da filin Tumfure,
na ce zan je in gaishe su.

Dija autata ta baje takarda a kan tabarma,
waya a hagu, biro a baki.
"Baba, kwana goma sha biyu."
Na ce a samo kujerar jirgi wadda ake miƙewa,
bayan nan nawa ya sha ƙasa, ya isa haka.
Ta faɗi kuɗin.
Furera ta ajiye rariya, ta yi salati har sau biyu.

Tokyo kwana uku, a hawa na arba'in,
inda mota za ta koma kiyashi a idona.
Daga nan jirgin ƙasa mai bakin agwagwa,
wai tafiyar Gombe zuwa Bauchi
kafin mutum ya gama da kwanon tuwo.
Na tuna dogonmu da ciyawa ta cinye,
awaki na kwana a kansa.
Ban ce komai ba.

Ta nuna min Fuji da farin rawaninsa.
Na ce Bima ma dutse ne,
naɗi ne dai bai samu ba.

Rigimar a kan abinci ta tashi.
Furera 'yar Dadin Kowa ce, a hayaƙin banda ta girma.
Ta ce kifin da bai ga wuta ba
ai ta'aziyya ake masa, ba ci ba.
Dija ta ce loma ɗaya, Inna, don labari.
Ni dai a rubuta min da rubutunsu:
ba alade, ba giya, kuma wa ya yanka?
Daren jiya mun gwada tsinken tsire biyu a kan ɗanwake,
uku suka faɗi, kyanwa ta yi sallah.

A Kyoto masaukin ya fi ko'ina tsada.
Me ke ciki? Tabarma.
A cire takalmi a ƙofa, a rusuna, a kwana a ƙasa,
ruwan zafi na ɓulɓulowa daga dutse kamar Wikki.
Wato in ba da rabin fili
don a mai da ni ɗakin kakata!
Dija ta ce har da shayi,
awa guda ana haɗa kofi ɗaya, ba mai tari.
Da Ɗan'iya mai shayi ne, da ya rufe tebur tuni.

Sai ta nuna min wani kwano.
Ya fashe, suka liƙe shi da zinariya,
suka bar tabon a fili kowa ya gani.
Na karɓi wayar, na daɗe.
Ni da nake shafe walda da fenti
kada mai mota ya gane.

Na ce bar min rana ta ƙarshe, kar ki rubuta komai.
A kai ni inda ake ƙera inji.
Ba zan rasa tsoho ɗaya mai irin farcena ba.
Ba na jin yarensa, ba ya jin nawa,
zan buɗe masa tafin hannu kawai.

Biza ba ta fito ba tukuna.
Amma ɗazu da asuba na ji turmi:
Furera ce ke dakan yaji,
wai ko da za a ce dole sai ta ɗanɗana.